Akwatin Tempest mai cinye taransisto: yadda aka gano ciwon wata monita mai zana layi

Akwatin wasan da wannan bayani ya shafa ƙirar Tempest ne, wanda kamfanin Atari ya fitar a shekarar 1981, kuma na same shi ne a garejin wani mai sha'awar tara tsofaffin injinan wasa a Amurka, wanda shi ma ya saye shi daga hannun wani da ya jingine shi shekara da shekaru ba a kunna ba. Koken mai akwatin bai da tsawo. Idan aka kunna, fitilar saman akwatin tana kamawa, sauti yana fita, ana iya jefa sule a fara wasa har a ji ƙarar harbi, amma fuskar monita baƙa ƙirin take, in ban da wata ƙaramar jar fitila da ke ci a can cikinta idan an leƙa ta ƙofar baya. Masu wannan sana'a kan ce injin yana wasa a makance. Abin da ya ɗaure masa kai, kuma shi ne ya sa ya neme ni, shi ne ya riga ya sauya manyan taransisto shida na monitar, wato kayan lantarkin da ke sarrafa wutar da take zana hoto da ita, har sau biyu da hannunsa. A karon farko hoto ya dawo, ya yi 'yan kwanaki yana wasa kafin ya sake ɗaukewa. A karo na biyu ko rabin awa bai cika ba ya ji ƙauri, hoto ya tafi. Ya ƙudurta a ransa cewa kayan da aka sayar masa jabu ne, kuma abin da yake so daga gare ni kawai shi ne in nuna masa inda zai sami na ƙwarai.

Zargin nasa ba shirme ba ne, domin jabun waɗannan taransisto sun cika kasuwa, amma ban yarda in fara daga nan ba. Dalilin ƙin yardata yana cikin yadda irin wannan monita take aiki, saboda haka sai an yi bayaninsa kafin a fahimci sauran labarin.

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar talabijin mai ƙeya ya san yadda take fitar da hoto. Tsinken lantarki yana fitowa daga wuyan tulu, wato babbar kwalbar gilashin nan da hoto yake fitowa a fuskarta, ya share fuskar daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, daga sama har ƙasa, sannan ya koma ya sake, kuma a tsarin Amurka yana jan layi sama da 15,700 a kowace daƙiƙa. Wannan shara ba ta canzawa ko mene ne ake nunawa. Abin da ke zuwa daga waje shi ne umarnin inda za a haskaka da inda za a dushe, amma tafiyar tsinken talabijin ce da kanta take tsara ta. Monita mai zana layi, wadda ake kira ta bekta, ba ta da wannan shara ko kaɗan. Fanel ɗin wasa, wato allon da ke ɗauke da kayan lantarkin injin, shi ne yake aiko mata da wuta biyu masu hawa da sauka, ɗaya ta kwance da ake kira X, ɗaya ta tsaye da ake kira Y, ita kuwa ta ja tsinken zuwa duk inda aka ce, kamar yadda hannun marubuci yake jan alƙalami a kan allo. Shi ya sa layukanta suke fita siri-siri masu kaifi, ba tare da tsani-tsanin da ake gani a gefen layi a sauran injinan zamanin ba. Kamfanin Cinematronics ne ya fara kawo wannan fasaha gidajen wasa da Space Wars a 1977, Atari ya biyo da Lunar Lander da Asteroids a 1979, dukansu baƙi da fari, sannan Tempest, wanda Dave Theurer ya tsara, ya zo da launi.

Abin da ke biyo bayan wannan tsari shi ne monitar a haƙiƙa amfilifaya ce guda biyu masu ƙarfi, irin na lasifika, sai dai maimakon su girgiza lasifika suna tura wuta ne cikin naɗin wayar da ke wuyan tulu. Kuma biyayyarsu ba ta da iyaka. Idan fanel ya ce a kai tsinken kusurwa a riƙe shi a can, za su yi ta tura wuta mai yawa ta gefe guda har sai wani abu ya ƙone, alhali an ƙera su ne bisa tsammanin cewa tsinken zai riƙa kai da komo, nauyi yana rabuwa tsakanin taransisto na sama da na ƙasa. A talabijin, idan babban taransisto ya mutu, ana neman dalili a kusa da shi. A nan kuwa mai laifin yana iya kasancewa a wani fanel daban, a can ƙasan akwati, wanda ba ya nuna alamar ciwo ko ɗaya. Sabon da mai gyaran talabijin ya yi da sana'arsa shi ne abin da ya fi saurin ɓatar da shi a gaban wannan na'ura.

Akwai kuma dalilin da ya sa ake wahalar gyara ta maimakon a jefar. An daina ƙera irin waɗannan monitoci tun tsakiyar shekarun 1980, kuma ba za a iya ɗauko talabijin ko allon kwamfuta a dasa a gurbinta kai tsaye ba, tun da yaren da fanel ɗin yake yi ba su jin sa.

Monitar da ke cikin akwatin ƙirar Wells-Gardner ce, lamba 6100, mai tulu inci 19, irin wadda aka yi amfani da ita a wasannin Space Duel da Gravitar da Black Widow. Tana da fanel uku: babba mai jan tsinke, wanda kuma a kansa ake daidaita ƙaramar wuta, ƙarami a cikin kejin ƙarfe mai samar da babbar wuta, da wani a ƙarshen wuyan tulu mai kula da launuka. Manyan taransisto shida ɗin ba a kan fanel suke ba, an ɗaure su ne a jikin ƙarfen monitar domin ƙarfen ya riƙa janye musu zafi, kuma nau'i biyu ne, 2N3716 guda uku da 2N3792 guda uku. Biyu na X ne, biyu na Y, biyu kuma na daidaita wutar da sauran huɗun suke sha. Jar fitilar da mai akwatin ya gani ta wani sashe ce da ake kira makashin ɗigo, wanda aikinsa shi ne ya kashe hasken tsinke da zarar ya lura ya daina motsi, domin tsinken da ya tsaya wuri guda yana ƙona hodar cikin tulu nan take, ya bar tabon da ba ya gyaruwa. Kamawar wannan fitila tana gaya wa mai gyara cewa ba a jan tsinke, amma ba ta faɗin dalili, kuma tulu kaɗai take karewa, ba ruwanta da taransisto.

Na cire akwatin daga wuta, na sauke cajin tulu kafin in taɓa komai, ta hanyar ɗaure waya tsakanin ƙarfen monitar da doguwar sukudireba mai mariƙin roba, sannan na zura bakinta ƙarƙashin robar da ke manne a bayan tulu, hannu ɗaya a aljihu. Na maimaita bayan 'yan mintuna, domin tulu yakan sake tara ɗan caji bayan an sauke na farko. Wutar da ke wurin idan monitar tana aiki ta kai bolt 19,500, kuma ko da abin da ya rage bayan an kashe bai kai ga kisa ba, zaburar da zai sa mutum ya yi tana iya kai hannunsa ga wuyan tulu, wanda gilashi ne marar kauri. Daga nan muka ciro monitar gaba ɗaya muka ɗora a tebur.

Binciken farko da ido da mita ne, ba tare da wuta ba. Fis ɗaya daga cikin biyun da ke bakin shigar wuta ya tsinke. Rizisto guda a sashen daidaita ƙaramar wuta ya ƙone har ya baƙanta fanel a ƙarƙashinsa. Da na auna taransisto shida ɗin ɗaya bayan ɗaya, bayan na zare filoginsu domin kada sauran kayan su rikita awon, huɗu sun ba da abin da ake tsammani, wato kusan rabin bolt ta fuska guda da rufewa ta ɗaya fuskar, biyu kuwa sun haɗe ta kowane gefe. Sai na yi awon da mutane da yawa suke mantawa da shi: na ɗora bakin mita ɗaya a kan murfin kowane taransisto, ɗayan a kan ƙarfen monitar. A wannan nau'i murfin ƙarfen shi kansa ƙafa ce ta uku mai ɗauke da wuta, shi ya sa ake sa siririyar takardar maika tsakaninsa da jikin monitar, wadda take barin zafi ya wuce amma ta hana wuta. A kan guda ɗaya mita ta yi ƙara. Da na kwance shi sai na ga takardar ta tsage daga ramin kusa zuwa gefe, alamar tsohuwa ce aka mayar, aka kuma matse ta fiye da kima, ba a ma shafa mata farin man da ke taimaka wa wucewar zafi ba. Mai akwatin ya amsa cewa kayan da ya saya a karo na biyu ba su zo da sababbin takardu ba, shi kuma bai ɗauki abin da muhimmanci ba.

Da na juya babban fanel ƙarƙashin gilashin ƙara girma, sai ga ciwo na biyu, wanda kusan kowace monita mai wannan shekaru tana da shi. Dalmar da ke riƙe da filolin soket-soket ta tsattsage, kowane fil da siririn zobe kewaye da shi kamar an zana da allura. Shekarun zafi da sanyi, ga jijjigar 'yan wasa, ga zarewa da mayarwar masu gyara, su suke haifar da wannan. Fil ɗin da ya tsage yana haɗuwa yana rabuwa yadda ya ga dama, kuma idan na taransisto ne, rabuwar ƙiftawar ido ta isa ta jefa wa abokin aikinsa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

A wannan gaɓa ce aikin ya fi haɗari, ba don wuta ba, sai don gamsuwa. Ga takarda tsagaggiya, ga dalma tsattsagaggiya, kowace ɗaya ta isa a ɗora mata laifi, kuma mai akwatin har ya fara murna yana cewa an gama. Ni kuwa lissafin bai cika mini ba. Tsagewar takardar ta bayyana mutuwa ta biyu, wadda ta zo da sauri da ƙauri. Amma a karon farko ya yi amfani da sababbin takardu, kuma injin ya yi kwanaki yana aiki. Da na matsa masa da tambaya a kan yadda abin ya faru a wancan karon, sai ya tuna wani abu da bai ga amfanin faɗa ba: kafin hoton ya mutu ɗungurungum, ya sha ɗaukewa na ɗan lokaci ya dawo, kullum bayan injin ya jima a kunne, kuma sau ɗaya ya ga hoton ya zabura gefe guda kafin ya ɓace. Tsagaggiyar dalma a monita takan sa rabin hoto ya ɓace ko ya murƙushe ya zama layi ɗaya. Zaburar hoto gaba ɗayansa zuwa gefe kuwa ta fi kama da umarnin da aka aiko daga waje. Saboda haka na bar monitar a tebur ba a gyara ba, na koma cikin akwatin.

Hanyar da ta fi dacewa a gwada fanel ɗin wasan bekta ba tare da an sa monita cikin haɗari ba ita ce a haɗa shi da osiloskof, wato na'urar awo mai zana motsin wuta a ƙaramar fuska, a sa na'urar a yanayin da ƙofarta ɗaya take jan ɗigo a kwance, ɗayar a tsaye. Tun da osiloskof shi ma zana layi yake yi, wasan yana fitowa a ƙaramar fuskarsa sarai, sai dai da launi ɗaya, kuma da siraran layukan da tsinke yake bi idan zai tashi daga wani zane zuwa wani, waɗanda monita take ɓoyewa. Wanda ba shi da osiloskof yana iya amfani da mita: idan ya auna X da Y a ma'aunin wuta mai kai da komo ya kamata ya ga 'yan bolt suna motsi, a ma'aunin wuta mai tsayawa kuwa ya kamata allura ta riƙa yawo kusa da sifiri. Na fara da wutar bolt 5 da ƙwaƙwalwar injin take sha, wato 6502 da sauran 'yan uwanta, na same ta daidai. Na haɗa osiloskof, sai ga ramin Tempest ya bayyana, maƙiya suna hawowa daga tsakiya, babu abin da za a kushe. Da a nan na tsaya, da na rantse fanel ɗin lafiyarsa ƙalau.

Na bar shi a kunne, na rufe ƙofar baya rabi domin zafi ya taru kamar yadda yake taruwa a ranar wasa, muka zauna muna kallo. An haura minti arba'in babu abin da ya faru, har mai akwatin ya fara duba agogo. Can sai hoton ya yi tsalle ya fice daga fuskar osiloskof, ya dawo, ya sake ficewa ya zauna a waje. Mita ta nuna X da Y duka sun manne a gefen tarawa, bolt da yawa sama da sifiri, ba sa motsin kirki. Wannan shi ne umarnin da ya kashe taransisto na farko, kuma da ya kashe na biyu ko da takardarsu ba ta tsage ba, da kuma na uku da na huɗu, ko daga wace masana'anta aka sayo su.

Kasancewar X da Y sun lalace tare ya taƙaita neman, domin ba kasafai ƙananan kaya biyu suke mutuwa a daƙiƙa guda ba. Abin da suka yi tarayya a kansa shi ne abin zargi. Sashen fanel da ke mayar da lissafin ƙwaƙwalwa ya zama wutar zane yana aiki ne da wuta biyu, bolt 15 na tarawa da bolt 15 na ɗebewa, waɗanda ƙananan ragileta biyu, 7815 da 7915, suke tacewa daga wutar kusan bolt 22 da ke zuwa daga fanel ɗin wuta da sauti. Ƙananan amfilifaya na wannan sashe suna tsayawa ne a tsakiyar waɗannan wutar biyu kamar sikeli, saboda haka idan ɗaya ta ɓace sai komai ya rinjaya zuwa ɗayar. Na auna: ta tarawa tana nan, ta ɗebewa babu. Na taɓa jikin 7915 da tsinken katako, wutar ta dawo, hoto ya faɗo cikin osiloskof; na ɗaga, ta sake tafiya. Da na ciro fanel ɗin na duba, ƙafa ɗaya ta ragiletar ta rabu da dalmarta da irin zoben nan da na gani a monita, tsagar da take rufe idan ƙarfe ya yi sanyi, ta buɗe idan ya ɗumama. Ciwon da ya ci taransisto har zubi biyu, ya ci kuɗi da makonnin mai akwatin, bai kai faɗin gashin kai ba.

Na zuƙe tsohuwar dalmar, na sauya ragiletar duk da cewa mai yiwuwa lafiyarta lau, tun da kuɗinta bai taka kara ya karya ba kuma ta sha wahala, na sake sodar 'yar uwarta, na sauya kafasito da ke kewaye da su. Na kuma goge haƙoran bakin fanel inda babban soket yake kamawa, waɗanda suka yi duhu, na matse filolin soket ɗin da suka saki. Sannan na mayar da shi kan osiloskof na bar shi awa huɗu, ina ƙwanƙwasa shi lokaci-lokaci, ina hura masa iska mai zafi, hoton bai gusa ba.

Sai a lokacin na koma kan monitar. Na sake sodar kowane fil a fanel ukun, ba waɗanda suka nuna tsaga kaɗai ba, kuma na zuƙe tsohuwar dalma tukuna, domin ɗora sabuwa a kan tsohuwa rufe ciwo ne kawai. Na sauya dukan kafasito masu ruwa a ciki, waɗanda shekara arba'in da ɗoriya ta busar. Na auna ƙananan taransisto da dayod da ke gaban manyan, na sami biyu da mutuwar manyan ta ja, abin da ke nuna cewa ko da fanel ɗin wasa lafiya yake, sauya manyan kaɗai ba zai wadatar ba. Manyan shida kuwa na sa sababbi duka, da sababbin takardu da man zafi, na tabbatar kowane nau'i ya koma gurbinsa, tun da kamarsu ɗaya a ido kuma musanya su kuskure ne mai sauƙin yi, sannan na sake awon murfi da ƙarfe a kan kowanne. Huɗun da suka tsira daga kayan mai akwatin, da na gwada su a gefe, ban ga abin da zai sa in kira su jabu ba.

Abu biyu sai da muka yi shawara a kansu. Na farko shi ne sashen daidaita ƙaramar wuta, wanda ya ƙone. Ana iya mayar da shi yadda aka ƙera shi, ko a cire kayansa a dasa wani ƙaramin fanel na zamani da masu sha'awar waɗannan injina suka ƙirƙiro, wanda aka fi sani da LV2000. Akwai masu ganin cewa duk abin da ba na asali ba yana rage darajar akwati, kuma ina girmama ra'ayinsu idan injin na ajiya ne a ɗakin tarihi. Wannan kuwa na wasa ne, yara suna taɓa shi, kuma wurin ya riga ya ƙone har zanen tagullar ya fara ɗagowa, saboda haka na ba da shawarar a dasa sabon, ya amince. Na biyu shi ne kariya a bakin shigar X da Y. Babban fanel ɗin wannan monita fitowar farko ne, mai lamba P314, kuma a fitowar da suka biyo baya ne aka gina sashen da ke tare umarnin da ya wuce iyaka kafin ya isa ga amfilifaya. Ana iya ƙara irin wannan kariya a kan tsohon, kuma bayan abin da muka gani da idonmu babu wanda ya yi gardama.

Kunnawar farko mataki-mataki aka yi ta. Na bar filogin babbar wuta a zare, na kunna, na auna wutar da ke fita daga sabon sashen, na daidaita ta a bolt 26 kowane gefe. Jar fitilar ta kama ta mutu, kuma daga wuyan tulu aka fara jin wani siririn kuka kamar na gyare, wanda shi ne ƙarar naɗin waya yana amsa umarnin zane. Duk mai gyaran bekta yana jin daɗin wannan ƙara, domin tana nufin ana jan tsinke tun kafin a gan shi. Na taɓa taransisto shida ɗin bayan na kashe, ɗumi ne kawai, babu wanda ya fi sauran zafi. Sannan na mayar da filogin babbar wuta, wuyan tulu ya yi ja, shuɗin ramin matakin farko ya fito tare da rawayar ƙaguwar ɗan wasa a bakinsa.

Hoton bai fito cikakke ba. Yana kumbura yana motsewa duk lokacin da abubuwa suka yi yawa a fuska, musamman idan an yi fashewa mai haske. Wannan alamar babbar wuta ce da ba ta tsaya daram ba, domin idan ta ragu tsinken yana rage gudu, naɗin waya ya fi samun damar lanƙwasa shi, hoto ya faɗaɗa. Tun da na riga na sauya kafasito na kejin, sai na duba sauran kayan, na sami wani dayod mai riƙe ma'auni da ya gaji, na sauya shi, sannan na daidaita wutar da sandar awon babbar wuta har ta zauna a bolt 19,500, ita kuma wutar da ke ciyar da sashen launi ta zauna kusa da 180. Wannan daidaitawa ba a yin ta da ka ko da kallon hoto, domin tulun launi da aka ɗora wa wuta fiye da ƙa'idarsa yana iya fitar da haskoki masu cutarwa irin na hoton ƙashi a asibiti. Wani shunayya-shunayya da ya ɓata kusurwa ɗaya kuwa maganaɗisu ne ya kama ƙarfen cikin tulu, zagaye biyu da zoben cire maganaɗisu suka kore shi.

Saura daidaita girma da tsakiya, wanda ake yi da ƙananan maɓallan murɗawa a kan fanel ɗin wasa, bayan an danna makunnin gwaji da ke bayan ƙofar sule an fito da zanen raga. A Tempest an kwantar da monitar ne a gefenta domin fuskar ta yi tsawo, saboda haka abin da monita take ɗauka kwance shi ɗan wasa yake gani a tsaye, kuma wanda bai riƙe wannan a ka ba zai yi ta murɗa maɓallin da ba shi ba. Mai akwatin ya so a buɗe hoton ya cika fuska har baki. Na bar masa tazarar kusan yatsa guda a kowane gefe, na kuma gaya masa dalili: kowane ƙarin nisa daga tsakiya ƙarin wuta ne ta cikin taransisto, kuma gefen nan na ƙarshe shi ne mafi tsada. Na ɗaura ƙaramar fanka tana hura ƙarfen da suke jiki, muka mayar da monitar, muka rufe ƙofar baya, aka bar injin a kunne tun daga hantsi har bayan isha'i, ana wasa ana bari.

Abu ɗaya ya rage wanda na nuna masa kafin in tafi, domin kada ya gan shi daga baya ya zaci sabon ciwo ne. Idan aka kashe injin aka haska fuskar tulu da tocila daga gefe, ana ganin wani dusasshen tabo a tsakiya, inda layukan ramin suke haɗuwa, da inuwar lambobin maki a sama. Shekarun da akwatin ya yi a gidan wasa yana zana abu ɗaya dare da rana su suka ci hodar wurin, kuma babu gyaran da ke mayar da ita sai sauya tulu, wanda samun irinsa yanzu sai an sha nema. Idan ana wasa ba a lura da shi, saboda haka muka rage hasken kaɗan muka bar tulun a wurinsa.